Kamfanonin gem da masu mod: an ci moriyar ganga, an yada kwaurenta

Kwana ɗaya tal ya rage. Abin da har yau na kasa haɗiyewa ke nan a labarin H2M. Wasu masoya Call of Duty ne suka zauna suka gina mod, wato irin gyara da ƙarin da 'yan wasa ke yi wa gem da hannunsu, wanda zai dawo da filayen fafatawa da makaman Modern Warfare 2 na 2009 cikin Modern Warfare Remastered. Suka sa ranar 16 ga Agustan 2024 za su sake shi, kyauta. Sharaɗinsu guda ne: sai ka mallaki wasan ta hanyar halal. Jama'a kuwa suka yi tururuwa zuwa Steam, kantin sayar da gem na intanet, inda a daidai lokacin an karya farashinsa. Wasan da ya kusa shekara takwas da fitowa, ƙura ta riga ta lulluɓe shi, sai ga shi ya farfaɗo ya shiga sahun waɗanda aka fi saye. Duk tsawon kwanakin da ciniki ke gudana ba wanda ya ji ɗuriyar Activision, kamfanin da ya mallaki wasan. Sai ranar 15 ga wata, jajibirin saki, takardar lauyoyi ta iso: a dakata, a rufe komai. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki Black Ops 6 ya shigo kasuwa da cikakken farashinsa.

Abin da ya fi takardar ci mini rai shi ne rundunar 'yan sa-kai da ke fitowa kare kamfani duk lokacin da irin wannan ta faru. Ba albashi ake biyansu ba, ko sisi ba su da shi a jarin kamfanin, amma kafin tawadar lauya ta bushe sun riga sun fito da amsarsu mai kalma uku: ai kayansu ne. Su faɗa su kaɗe riga, wai an gama magana.

To, kayansu ne, wa ya musa? Jaruman wasa da taswira da kiɗa da suna, duk doka ta mallaka wa kamfani, kuma wanda ya kwashe taswirar wannan wasa ya dasa a wancan ya taɓa abin da ba nasa ba. Na yarda. Sai dai tambayar da ake yi ita ce ko sun kyauta, su kuwa suna ta amsa wata daban, wato ko suna da iko. Mai gida yana da ikon fitar da ɗan haya ana tsakiyar ruwan sama idan wa'adi ya cika, amma ba wanda zai kira shi mutumin kirki don kawai takarda tana hannunsa. Balle in ɗan hayan nan shi ya toshe masa rufin da ke yoyo da kuɗin aljihunsa.

In ka matsa musu sai su jawo ta biyu, wadda ta fi yaɗuwa ta kuma fi rashin tushe: wai dole ce ta sa, in kamfani bai kare haƙƙinsa ba zai rasa shi. Abu biyu aka cakuɗa. Tambarin kasuwanci, wato suna da alama, shi ne kan raunana idan aka bar kowa yana amfani da shi har ya zama sunan gama-gari. Haƙƙin mallakar fasaha kuwa ba ya zubewa don mai shi ya kawar da kai. A Amurka aikin da kamfani ya mallaka yana da kariyar shekara 95 daga fitowarsa, ko an kai ƙara ko ba a kai ba. Shi kansa tambarin ma, takardar izini mai shafi ɗaya ta isa ta kare shi. Valve ya bar masoya suka sake gina Half-Life da sunan Black Mesa, har ya ba su damar sayar da shi a Steam tun 2015. Sega ya ɗauko Christian Whitehead daga cikin masu ƙera wasannin Sonic a gida, ya damƙa masa Sonic Mania na 2017. Bethesda, ranar da ya fitar da sabon Oblivion a Afrilun 2025, kyautar wasan ya aika wa masu aikin Skyblivion, mutanen da suka shekara da shekaru suna gina abu iri ɗaya da nasa. Cikin kamfanonin nan uku ba wanda ya wayi gari ya tarar sunan wasansa ya kuɓuce masa. Ko lauyoyinsu ne ba su yi karatu ba?

Duk wanda ya san tarihin wannan sana'a zai ji kunyar kiran masu mod ɓarayi, don rabin gidan da guminsu aka gina shi. Tun 1993 id Software ya tsara Doom ta yadda fayilolin taswira da hotuna suke ware daga injin wasan, da gangan, don mutane su samu sauyawa, a 1997 kuma ya saki rubutun manhajar ga kowa. Team Fortress mod ne na Quake a 1996. Counter-Strike mod ne na Half-Life da ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka fitar a 1999. Valve ya saye shi a 2000 ya ɗauke su aiki, kuma har gobe yana cikin wasannin da suka fi tara jama'a a Steam. DotA taswira ce kawai da 'yan wasa suka zana a cikin Warcraft III. Daga cikinta League of Legends da Dota 2 suka fito, kuma a gasar duniya ta Dota 2 ta 2021 sama da dala miliyan 40 aka raba. DayZ mod ne na Arma 2 a 2012, shi ya sa tsohon wasan soja da aka fara mantawa ya koma kan gaba a ciniki. A kan DayZ ɗin ne Brendan Greene ya fara gwada salon nan na a zube mutane a fili guda, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci, abin da ya zama PUBG a 2017. Fortnite ya bi, Free Fire ya bi, Warzone na shi Activision ɗin ma ya bi. Kamfanin da ke aika wa masu mod takardar lauya, ɗaya daga cikin manyan shanun tatsarsa jikan mod ne.

Kuma ka san darasin da Blizzard, ɗan ɗakin Activision, ya ɗauka daga labarin DotA? Da zai fitar da Warcraft III: Reforged a 2020 sai ya rubuta a ƙa'idojinsa cewa duk taswira ko salon wasa da ka ƙirƙira a ciki mallakarsa ne. Kai ka yi aikin, in ya yi albarka nasa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma in ana neman inda za a ga halin nan tsirara, a je gidan Take-Two, uwar kamfanin Rockstar mai GTA. A 2015 wasu suka gina FiveM, wanda ke ba mutane damar buɗe sabar tasu, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa ta intanet, su buga GTA V tare. Rockstar ya toshe asusun masu aikin, ya zarge su da buɗe ƙofar satar wasa, har jagoran aikin ya ce an turo masa masu bincike gida. FiveM bai mutu ba. A kansa ne aka gina wasan kwaikwayon rayuwa, inda wannan yake zama ɗan sanda, wancan direban tasi, wani likita, abin da ya cika Twitch da YouTube, ya riƙe wasan 2013 a bakin duniya fiye da shekara goma, yana jawo sabbin masu saye cikin kwafi sama da miliyan 200 da aka sayar. A Agustan 2023 Rockstar ya saye ƙungiyar da ke kula da FiveM ɗin, ya fito yana yabonsu. Ɓarawon jiya ya zama ma'aikacin yau, kuma ba abin da ya sauya a aikin sai yawan kuɗin da aka hango.

A Yunin 2017 kuma aka aika wa OpenIV takarda, manhajar da kusan duk mai gyaran GTA ke dogaro da ita tun zamanin GTA IV. Hujjar wai tana taimaka wa masu maguɗi a GTA Online, alhali masu ita sun tsara ta don wasan mutum shi kaɗai. 'Yan wasa suka yi ca, suka cika shafin GTA V na Steam da baƙin sharhi, cikin 'yan kwanaki aka janye. Rockstar ya fito da sanarwa cewa galibi ba za a taɓa mod na mutum ɗaya da ba na kuɗi ba. A riƙe kalmar nan ta galibi, don ita ce ƙofar bayan da aka bari a buɗe.

Shekarar 2021 ta nuna amfanin ƙofar. Wasu gwanaye suka kwance GTA III da Vice City suka sake rubuta injinsu daga tushe, aikin da ake kira re3 da reVC, don wasannin su yi aiki lafiya a na'urorin zamani. Shi ma sai kana da wasan na asali zai yi maka amfani. Take-Two ya sa aka sauke shi a Fabrairu, a Satumba ya maka su a kotu. A tsakanin watannin aka bi tsofaffin mod na waɗannan wasanni ɗaya bayan ɗaya ana share su, har da waɗanda suka fi shekara goma ba wanda ya ce musu kanzil. Me ya tayar da tsohon zance haka? A Oktoba aka cire wasannin na asali daga kasuwa, a Nuwamba aka fitar da sabon bugun GTA III da Vice City da San Andreas a haɗe, da farashin sabon gem. Wanda ya gani ya san abin da aka gani: ruwan sama da ke makantar da ɗan wasa, fuskoki kamar an narka su, mota ta nutse cikin ƙasa. Har sai da aka janye na kwamfuta na wasu kwanaki, Rockstar ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin dawo da tsofaffin. Su wa suka fara gyara ruwan saman nan, cikin kwanaki, ba ko sisi? Masu mod ɗin da aka gama kora.

Ƙaramin labari guda daga 2021 ɗin, don na kasa wuce shi. Sama da shekara bakwai mutane suna zaman jiran GTA Online ya buɗe, wani lokaci minti biyar ko shida. Wani mai suna t0st a intanet ya leƙa ciki ya gano cewa wasan yana karanta wani fayil mai jerin kaya kusan 63,000 ne ta hanyar wauta, yana maimaita ƙirga abu ɗaya ba iyaka. Ya rubuta ɗan gyara, jiran ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Rockstar ya amsa cewa gaskiya ne, ya saka gyaran, ya ba shi dala 10,000. Abin da t0st ya yi, wato kwance manhaja a leƙa cikinta, shi ne dai matakin farko na aikin da aka kai masu re3 kotu a kansa a shekarar. Ɗaya ya samu tukwici, sauran suka samu sammaci.

Ga inda na dosa. A daina kallon abin da takardun nan ke faɗa, a dubi lokacin da suke fitowa. Mod yakan shekara biyar, goma, yana zaune a fili, jaridun gem suna rubutu a kansa, ma'aikatan kamfanin ma suna bugawa a gidajensu, ba wanda ya damu. Ranar da kamfani ya shirya sayar da wani abu makamancinsa, ranar ce ake tuna da doka. Abin da suke tsoro bai wuce tsohon wasansu ba. Gem ɗin da ka saya shekara goma da suka wuce, in har yana da daɗi, yana aiki, yana da jama'a, to kishiyar sabon da ake so ka saya ne, kuma mod shi ne abin da ke hana tsohon mutuwa. Wanda yake jin daɗin filayen 2009 a kan wasan da ya saya a rabin farashi ba zai yi saurin zaro dala 70 a Oktoba ba, ba zai sayi rigunan soja da fentin bindiga da ake tallar su duk wata ba. Lissafin ke nan, kuma lissafi ne mai kyau in kai akanta ne. Abin da ba zan lamunta ba shi ne a naɗe shi da rigar kare fasaha.

A gwada ma'aunin a kan Nintendo, wanda ya fi kowa saurin hannu. Milton Guasti, ɗan Ajantina, ya kwashe kusan shekara goma yana sake gina Metroid II na 1991, aikin da aka sani da AM2R. Gaskiya wannan cikakken wasa ne na masoya, ya wuce mod, amma hukuncinsu ɗaya. Ya sake shi a Agustan 2016, cikin kwanaki aka rufe. Shekara na zagayowa Nintendo ya fitar da nasa sabon Metroid II ɗin. Shi kuwa Guasti wani kamfani ya gane gwaninta ya ɗauke shi aikin Ori and the Will of the Wisps. Na Nuwamban 2020 ya fi ban takaici. Annobar korona ta hana taro, masu buga Super Smash Bros. Melee, wasan 2001 da ba a yi shi da intanet ba, suka samu mafita a wani gyara mai suna Slippi da ke haɗa su daga nesa. Nintendo ya aika wa gasar The Big House takarda, gasar ta rushe. Hujjarsa, sai an kwafi wasan ake iya amfani da gyaran. Wasan da shi kansa ya daina sayarwa tun tuni, ba ya kuma samar da wata hanyar buga shi daga nesa. Bai ba su ba, ya kuma hana su nema.

Masu cewa ai mod ne ke kawo maguɗi sun san ba a kansa ake magana ba: wanda ya saka manhajar gani ta bayan bango a fafatawar intanet cuta yake yi, a kore shi, ba mai kuka. Capcom ne ya nemi haɗa su a kwando ɗaya a 2023, inda ya ce a wurinsa duk mod ɗin da ba shi ya amince da shi ba daidai yake da maguɗi, wato mai fassara wasa zuwa harshensu da mai sa wa makafin launi launukan da za su iya bambancewa duk 'yan damfara ne.

Sai masu hujjar mutunci, wai wani zai yi abin batsa da jaruman kamfani ya ɓata masa suna. Kullum misalinsu Hot Coffee na 2005, lokacin da wani ɗan Holan ya fito da wani ɓangaren batsa a GTA: San Andreas, aka ɗaga darajar shekarun wasan zuwa na manya zalla, shaguna suka kwashe shi, Take-Two ya ƙare da biyan masu hannun jari sama da dala miliyan 20. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne, Rockstar ne ya ƙera ɓangaren da hannunsa ya bar shi a kan faifai a kulle. Mutumin mabuɗi kawai ya murɗa. Da farko ma kamfanin cewa ya yi aikin masu kutse ne, sai da aka tarar da abin a faifan PlayStation 2 bakinsa ya mutu. Laifi tudu ne.

Inda na sassauta guda ne, shi ma ba da yawa ba. Wanda ya kulle mod ɗinsa sai an biya shi duk wata, yana cin kasuwa da sunan wasan wani, ya shiga wata gona, kuma in takarda ta same shi ba zan yi zanga-zanga ba. Sai dai H2M kyauta ne, re3 kyauta ne, AM2R kyauta ne, haka aikin dasa birnin Liberty City cikin GTA V da aka rufe a Janairun 2025, kwanaki kaɗan da fitowarsa. Da kuɗi ne matsalar, da waɗannan suna nan.

Wani abin da 'yan "kayansu ne" ba sa so a tono shi ne, ita kanta dokar ba ta miƙe musu sambal yadda suke zato ba. A 1992 Nintendo ya sha kaye a kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka a shari'arsa da Galoob kan Game Genie, na'urar da ke sauya yadda wasa ke gudana: kotu ta ce wanda ya sayi wasa yana iya sauya yadda yake buga shi a gidansa. A 1998 kamfanin Micro Star ya faɗi, don ya tattara taswirori 300 da 'yan wasan Duke Nukem 3D suka zana ya zuba a faifai yana sayarwa. A Oktoban 2024 kotun Tarayyar Turai ta ba Datel gaskiya a kan Sony, ta ce manhajar da ke sauya alƙaluman da wasa ke ajiyewa na ɗan lokaci a ƙwaƙwalwar na'ura, ba tare da taɓa rubutun wasan ba, ba ta keta haƙƙin mallakar manhaja ba. Ashe akwai mod da doka za ta kama, akwai wanda za ta sallama. Amma yaushe rabon da a ga irin wannan shari'a ta kai ƙarshe? A ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka ta 1998, kamfani wasiƙa kawai zai tura wa GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhaja, ko YouTube, su sauke abu nan take don tsira da kansu. Kana iya mayar da martani, amma sai ka ba da sunanka da adireshinka ka kuma amince a kai ka kotu. Masu re3 sun gwada, abin da ya biyo baya ke nan. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke wannan aiki da daddare bayan ya tashi daga nasa, da wane kuɗi zai tsaya gaban kamfani mai biliyoyin daloli? Yawancin takardun nan ba alƙalin da ya taɓa ganin su. Fin ƙarfi ne ake yi, a kira shi doka.

Kuma wa ke adana wasannin nan in ba su ba? Binciken da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa. Vampire: The Masquerade – Bloodlines ya fito a 2004 cike da kurakurai, kamfanin da ya yi shi ya rushe a 2005, masoya ne suka ci gaba da ɗinke shi shekara da shekaru, har kantin GOG yake sayar da shi haɗe da gyaransu. Dark Souls ya zo kwamfuta a 2012 da hoto dishi-dishi, mutum ɗaya ya gyara shi a ranar da ya fito. Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris na 2024, wasan da mutane suka biya kuɗinsa ya zama fanko, abin da ya haifar da gangamin Stop Killing Games da ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai. Su wa suka sake tayar da wasan a 2025? Masoya dai. Blizzard ya taɓa gaya wa masu neman tsohon World of Warcraft cewa suna zaton suna so ne amma ba sa so. A 2016 ya rufe Nostalrius, sabar masoya mai asusu kusan 800,000, a 2019 ya fito da WoW Classic yana karɓar kuɗin wata. An rufe rumfarsu, an buɗe irinta a wurin, da kwastomomin da suka tara.

Kada ma a ce ai sai a koma wa kamfanonin kirki. Valve, wanda ya ci arzikin mod fiye da kowa a doron ƙasa, shi ya sa aka sauke Team Fortress: Source 2 a Janairun 2024, shi ya tare Classic Offensive a 2025, mod ɗin Counter-Strike da aka shekara takwas ana ginawa bayan ya samu shiga ta Greenlight, tsarin Steam na tantance sabbin wasanni, tun 2017. Mod na wasan da shi kansa mod ne! Kirkin kamfani riga ce, yana sawa yana cirewa, kuma duk wanda ya gina aikin shekara takwas a kan kawar da kan wani, a kan rairayi ya yi gini.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuyar faɗa. Kowane kamfani ya rubuta ƙa'idarsa a fili, ba tare da galibi ba, ya kuma tsaya a kanta. In zai hana, ya hana tun aikin yana jariri, kada ya bari sai jajibiri. Wasan da mai shi ya daina sayarwa ko ya kashe sabarsa, doka ta sakar wa waɗanda suka saya mara su gyara abinsu. Takardar saukewa ta ƙarya kuma ta riƙa jawo tara mai zafi. Yadda za a tsara wannan aikin 'yan majalisa ne, su da suka iya tilasta wa kantunan intanet a California su riƙa gaya maka cewa lasisi kake saye, abin da Steam ya fara rubutawa a wurin biya tun Oktoban 2024.

Su kuwa waɗanda suka sayi Modern Warfare Remastered saboda H2M, ƙa'idar Steam ita ce ana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba a buga fiye da awa biyu ba. Wanda ya yi haƙuri bai taɓa wasan ba ya karɓi kuɗinsa. Wanda ɗoki ya ɗebe shi ya zauna yana motsa hannu kafin ranar 16 ta zo, awa biyunsa ta cika, kuɗinsa na wurin Activision.